Sunan waƙa bashi ne

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ƙaramin abu ne, amma tun da ya faru bai bar zuciyata ba. Kwanan baya da marece ina zaune ƙofar gida, ɗan ƙanwata da abokanshi sun kafa fadarsu gefe guda, shayi na bisa gawayi, waƙa na tashi daga cikin salula. Sai na ji muryar Aminu Ala, mawaƙin nan na Kano. Na tambayi yaron sunan waƙar, ya duba wayar ya karanta mani: "Bara a Kufai". Na ce mashi: "To, mi ke nan ake nufi?" Ya ce: "Kawu, ai labarin abin da ya faru bara ne a wani gari da ake ce ma Kufai. Ina jin cikin Najeriya yake." Cikin abokanshi babu wanda ya yi dariya, domin su ma haka suka ɗauka.

Yaron nan ba sakarai ba ne. Yana ajin ƙarshe na lise, kuma Hausa ya sha a nono. Abu biyu ne suka haɗu suka kada shi. Na farko, rubutunmu na boko ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna jan wasali. Bara ta shekarar da ta wuce, da bara ta almajiri mai ƙoƙo, da bara na gidan sarki, duk haruffa huɗu ne iri guda. Kunne ne ke raba su, shi kuwa da ido ya gamu da kalmar. Na biyu, bai taɓa ganin kufai ba. Cikin birni aka haife shi, inda kullum gari ƙaruwa yake yi. Bai san akwai wurin da mutane suka tashi suka bari ba, babu abin da ya rage sai kuka guda, da gindin rumbu, da tsingaro, da rijiyar da ta rufta. Wanda ya je irin wannan wuri ya tsaya da ƙoƙo yana bara, wa zai fito ya ba shi? Kalmomi uku kacal, amma sun ɗauki hoton mai roƙo inda babu mai ji. Mawaƙin ya ɗora ma waƙarshi wannan suna ne bisa amanar cewa mai saurare ya san hoton.

Ga ra'ayina a taƙaice. Duk sunan waƙar da aka ciro daga maganar kakanni bashi ne, kuma mutum biyu ne ke biyan shi. Mawaƙi ya ranto maganar, sai ya biya da waƙar da ta cika ta. Mai saurare kuma an ba shi rabi, sai ya biya da sanin sauran. Yau biyan ya yi rauni ta ɓangaren biyu, kuma waɗanda ke tsakani, wato gidajen radiyo da masu tura waƙa cikin waya, sun ƙara ma abin nauyi.

Mu koma baya kaɗan. Asali waƙar Hausa ba ta da suna. Makaɗin fada, ko na noma, ko na ƴan kokowa, ba ya zama ya raɗa ma waƙarshi suna kamar jariri. Jama'a ne ke cewa "waƙar wane", ko su kira ta da amshinta. Suna ya zo ne tare da faifai, domin dole a rubuta wani abu bisa takardar da ke manne tsakiyar faifan. Ya ƙara ƙarfi da zuwan radiyo. An buɗe gidan radiyon Nijar cikin 1958, ya koma Muryar Sahel cikin 1974, kuma duk waƙar da aka naɗa sai an rubuta mata wani abu bisa kwalinta kafin a ajiye. Masu aiko da wasiƙu cikin shirin zaɓi sonka su ma sai sun faɗi waƙar da suke so a sako ma dangi da masoya. Daga baya kaset, wadda kamfanin Philips ya fito da ita cikin 1963, ta cika kasuwanninmu tun daga Maraɗi har Agadas, kowace da ɗan kwalinta.

Daga nan aka samu hanyoyi na raɗa suna. Wata waƙar ta ɗauki sunan wanda aka yi ma ita, kamar Shago na Ɗan Anace. Wata ta ɗauki sunan abin da aka wasa, kamar Dokin Iska Ɗan Hilinge na Narambaɗa, wanda ko daga sunan ka ji Filinge tamu a ciki. Wata ta ɗauki amshinta. Wata kuma aka je rumbun karin magana da kirari aka ɗebo mata. Wannan ta ƙarshe ita ce zancenmu.

Mi ya sa karin magana ta dace da wannan aiki? Domin yawancinta gida biyu gare ta, kuma Bahaushe ya saba ya faɗi gidan farko ya yi shiru. In aka ce "ta faru ta ƙare", dattijo ya san saura: an yi ma mai dami ɗaya sata. Ya kuma san nauyin abin, don ya san mine ne manomi ya tashi da damin hatsi guda tak bayan damina, a zo a ɗauke. In aka ce "abin nema ya samu", ya san matar falke ce ta haifi jaki, sai ya yi murmushi. In aka ce "ban sa a ka ba", ya san ɓarawon tagiya ne ke rantsuwa, kuma ya san gaskiya ce aka yi ƙarya da ita. Kwalin kaset ba shi da faɗi, rabin magana ya ishe shi. Mai saye ya karanta rabi, ya cika sauran cikin zuciyarshi, ka ga ya shiga waƙar tun bai biya kuɗinta ba. Marubuta sun riga mawaƙa gane wannan dabara. Cikin shekarun 1930 aka buga Jiki Magayi da Magana Jari Ce a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa cikin 1939, kuma cikin 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta sa ma littafinta Alhaki Kwikwiyo Ne, ta bar ma mai karatu ya tuna wanda kwikwiyon yake bi.

In ana neman wanda ya iya biyan irin wannan bashi, ni dai Ɗan Maraya Jos nike fara nunawa, wanda ya rasu cikin 2015. Da ɗan kuntiginshi mai tsirkiya guda ya yi waƙoƙi masu suna irin su Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, da Mai Akwai da Babu, da Gulma Wuya. In ka saurare su za ka tarar sunan shi ne ginshiƙi, sauran waƙar duk jingine take da shi. Yakan kawo mutane, ya sauya murya, ya zama miji, ya zama mata, ya zama mai kai gulma tsakani, har sai ka ga maganar da ka saba ji tun kana yaro ta tashi tana tafiya da ƙafafunta. Ka gama saurare ka fi sanin maganar bisa yadda ka san ta da farko. Wannan shi ne biya har da riba.

Mamman Shata, wanda ya rasu cikin 1999, ya nuna wata hanyar. Gagarabadau kirari ne na wanda ya gagara, amma shi sai ya ɗora shi bisa waƙar zambo. Wanda bai san kirarin ba zai ji kalangu ya yi rawa, amma dariyar da ke ƙarƙashi ta wuce shi, don daɗin abin yana ga tazarar da ke tsakanin girman sunan da abin da ake yi ma mai sunan. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu cikin 2013, ita kuma ta fito da habaicin cikin gida, wanda mata ke jifar juna da shi wajen daka da wanki, ta ɗora shi bisa kiɗan ƙwarya, ya shiga kaset ya zagaya duniyar Hausa. Nan gida, Malam Maman Barka, wanda mushen lekol ne kafin ya yi suna da gurumi, ya san yadda ake shigar da gargaɗi cikin waƙa ba tare da ta koma wa'azi ba. Ko samarin da suka kawo rap a Yamai ƙarshen shekarun 1990, duk da wandunansu da hulunansu na Amurka, da suka tashi raɗa ma ƙungiyoyinsu suna gida suka dawo: Kaidan Gaskiya, Lakal Kaney. Sun san sunan da ya fito daga bakin uwa ya fi zama a kunne.

Akwai wani amfani kuma da bai kamata a manta ba. Karin magana garkuwa ce. Mu da muka ga zamanin jam'iyya guda da zamanin soja mun san akwai lokacin da ba a iya kama suna. A irin wannan lokaci mawaƙi yakan jefa tsohuwar magana, wadda ba tashi ba ce, ta kowa ce, kuma ba a kai kakanni gaban alƙali. Wanda aka nufa ya ji, jama'a sun ji, amma babu abin kamawa. Mai kaza cikin aljihu ne ba ya jimirin as. Al'ummar da ta manta rabin maganarta ta yar da wannan garkuwa. Abin da zai rage mata biyu ne: ko shiru, ko zagi tsirara. Wanda ke bin abin da ake turawa cikin wayoyi yau ya san wanne ya fi yawa.

To ina aka samu tangarɗa? Na farko ga mawaƙan kansu. Ba duka ba, amma da yawa sun maida karin magana allon kanti. Za ka ga an ɗora ma waƙa suna mai nauyi, irin maganar da in tsoho ya faɗe ta sai wuri ya yi tsit, ka buɗe da ɗoki, ka tarar babu komi ciki sai kiɗan fiyano da jerin sunayen ƴan mata da na masu kuɗin da ake fatan su yi kyauta. Sunan na gabas, waƙar na yamma. Wannan daidai yake da a manna ma kwalbar ruwa takardar zuma. Wani kuma ya yi niyyar biya, amma shi kanshi rabi ya sani, sai ya ƙago sauran, ko ya haɗa kan wannan magana da wutsiyar waccan. Da yake waƙa ta fi tsoho yawo, gurguwar maganar ita ke zama daidai a bakin yara, in ka gyara masu su ce kai ne ba ka iya ba, ai ga yadda wane ya faɗa.

Kada a ce ina faɗa da duk sabon suna. Cikin 2022 Ado Gwanja ya fitar da Warr da Chass, suka cika gidajen biki har nan ƙasarmu. Waɗannan sunaye ƙara ce kawai, kuma ni ba ni da ƙara a kansu. Bai ranci komi wurin kakanni ba, don haka ba su bin shi komi. Wanda nike tuhuma shi ne mai shiga rumbun gado ya ɗebo, ya yi talla da abin, ya tafi bai mayar da ko zangarniya ba.

Na biyu, masu tsakani. Da kaset ta kau, faifan CD ya yi ɗan zamaninshi, sai waƙa ta koma cikin katin waya. Kowace kasuwa da kowace tasha akwai samari da kwamfuta masu tura waƙa, ka ba da ƴan daloli a cika maka kati. Sana'a ce, kuma ta kai waƙa ƙauyukan da kaset ba ta taɓa zuwa ba. Amma kwalin ya faɗi a hanya. Waƙa ta tashi daga waya zuwa waya, sunanta ya koma lamba, ko "tsohuwar waƙa", ko abin da mai turawa ya ga dama. Wadda ta biyo ta WhatsApp kuwa da haruffa da kwanan wata take isowa. Misali guda ya isa. Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu mai gita, ya je Sakkwato cikin 2008 ya naɗi waƙoƙinshi na farko, suka bazu cikin wayoyi har ƙetaren iyaka. Da wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tattara irin waɗannan waƙoƙin na cikin waya ya fitar da su cikin 2011, sai da ya sha wahalar neman masu su, domin da yawa sun iso hannunshi babu cikakken suna. Wanda aka gano ya ci riba, yau duniya ta san shi. Waɗanda ba a gano ba fa? Rijiya ta ba da, guga ya hana.

Wannan ba zancen al'ada kaɗai ba ne, zancen tuwo ne. Ƙasarmu ta yi dokar kare haƙƙin masu fasaha tun ranar 30 ga Maris 1993, aka kafa ma'aikatar BNDA cikin 1995 don ta karɓo masu haƙƙinsu, aka sake sabunta dokar ranar 23 ga Disamba 2010. Amma yaya za a biya mawaƙi, ko magadanshi, kuɗin waƙar da ba ta da suna? Abin lura kuma, dokokin nan biyu duk sun ambaci kayan gadon gargajiya cikin abin da suke karewa. Ma'ana, waƙa ta mawaƙi ce, amma maganar da ya ɗora mata ta al'umma ce. Rijiyar gari ce. Kowa na da damar ɗiba, babu mai damar ya gurɓata.

Na san abin da za a ce mani, don an riga an faɗa mani shi a fada. Za a ce zamani riga ne, kowane da tashi, kuma yaran yanzu suna ƙirƙiro nasu zantuka. Gaskiya ne, kuma ina murna da haka. "Karen mota", wanda mu nan muka fi kira apranti, ai ba daga kakanni ya zo ba, tare da manyan motoci ya zo, kuma Ɗan Maraya ya ɗauki wannan suna na reni ya yi waƙar da ta sa aka dubi wahalar mai shi. "Tazarce" ta fito Najeriya zamanin Abaca, ta ƙetaro mamu cikin 2009, yau ta zauna daram cikin harshe. Harshen da ba ya haihuwa ya mutu. Sai dai wanda zai ƙera sabuwar magana mai gida biyu, wadda za ta rayu bayan kiɗan bana ya wuce, dole ya ga yadda aka ƙera tsohuwa. Maƙeri ba ya fara sana'a da ƙin kallon lauje.

Za a ce kuma ba duk maganar da ce ke da kyau ba. Nan ma na yarda. Cikin rumbun nan akwai maganganun da ke wulaƙanta kishiya, da makaho, da kuturu, da bawa, da wanda ba yarenmu guda ba. A ƙasar da sai cikin 2003 dokarta ta maida bautar da mutum babban laifi, ba ƙaramin abu ba ne mawaƙi ya ɗauko maganar da ke tuna ma wani asalin da ake goranta mashi, ya sa ta sunan waƙa. Irin waɗannan a bar su su kwanta. Amma ko zubarwa sai da sani. Wanda bai san abin da ke cikin rumbu ba, ba ya iya raba hatsi da ƙaiƙayi. Ko ya kwashe duka, ko ya ƙone duka.

Na uku, za a ce waƙa nishaɗi ce, ba lekol ba, a bar mutane su huta. Da ma a ce haka ne. A ƙasar da mafi yawan manya ba su karanta jarida, waƙa ce littafin da kowa ke buɗewa, daga ɗan kabu-kabu har mai tallar fura. Da can yaro na tsintar karin magana wajen tatsuniya, da dandali, da gayya, da sussuka. Yau cikin birane waɗannan wurare sun yi ƙaranci, kuma kayan da maganganun ke nuni da su suna ɓacewa gaban idonmu. Kwano ya maye jinka, injin niƙa ya rage aikin turmi, roba ta kori ƙoƙo. Yaron da bai taɓa ganin maza sun taru sun ɗaga jinka sun ɗora bisa ɗaki ba, in ka ce mashi hannu ɗaya ba ya ɗaukar ta, mi zai gani? Wurin da ya rage mashi ya gamu da waɗannan kalmomi kullum shi ne jerin sunayen waƙoƙin da ke cikin wayarshi. Ko mun so ko mun ƙi, nan ne allonshi.

Abin ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan girma ne, amma kaya ne. Wace Hausa za mu ɗora bisa wannan kujera? In Hausar sanarwa ce kaɗai, wadda aka juyo kalma bayan kalma daga Faransanci, to mun naɗa rawani bisa turmi. Ɓargon harshe na cikin karin maganarshi da kirarinshi da habaicinshi. Kuma abin da nike faɗa bisa Hausa, ƴan uwanmu masu Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci suna iya faɗar irinshi bisa nasu, don ciwon guda ne.

Saboda haka ga abin da nike roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki.

Ga mawaƙa: kafin ka shiga situdiyo da sunan da ka ranto, je ka gaida wata tsohuwa cikin unguwarku, ka faɗa mata rabin, ka ji yadda za ta cika maka. Goro kaɗai zai ci maka. In ka ɗora waƙar bisa YouTube ko wani dandali, rubuta cikakkiyar maganar a ƙarƙashi. Sa'an nan ka tambayi kanka ko abin da ka rera ya kai nauyin abin da ka rubuta. In bai kai ba, sauya suna. Babu kunya ga sa ma waƙar rawa sunan rawa.

Ga gidajen radiyo, na gwamnati da masu zaman kansu da na karkara: mai gabatar da shiri ya riƙa faɗin sunan waƙa da na mai ita, in kuma rabin magana ce ya cika ta, ko ya bar masu saurare su bugo waya su cika. Rabin minti ya isa. Na tabbata tsofaffin Tasawa da Madawa da Mirya za su yi ta rige-rigen kira, kuma za a ji yadda magana guda ke sauya kama daga Gobir zuwa Adar zuwa Damagaram, wanda shi kanshi ilimi ne.

Ga samari masu tura waƙa: ku ne magadan masu kantin kaset. Rubuta sunan waƙa da na mawaƙi daidai ba ya rage maku ko dala, kuma mai saye zai fi dawowa wurin wanda kayanshi ke jere.

Ga magabata: muryoyin makaɗanmu na da suna ajiye a Muryar Sahel, da cibiyar binciken IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, da cibiyar CELHTO da ke Yamai tun 1968, ga kuma cibiyar koyon kiɗa mai sunan Alhaji Taya. Zaren naɗi ba ya jimirin zafi da ƙura har abada. A juye su cikin na'urorin zamani, amma kada a tsaya nan: a zauna da dattawan da suka san waƙoƙin, a rubuta sunan kowace, da wanda aka yi ma ita, da maganar da ke bayan sunan. Kiɗan da Mamman Sani ya naɗa cikin 1978 sai cikin 2013 ya fita duniya, kuma ta hannun kamfanin waje. Maman Barka ya tafi yankin tafkin Cadi cikin 2002 ya koyi biram wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage yana kaɗa ta. Da ya yi jinkiri kaɗan da ya tarar da kufai. Shi ma Allah ya karɓi abinshi cikin 2018. Dattawa ba su jiran kasafin kuɗi. Haka nan duk lokacin da aka shirya gasar Ɗan Gurmu, a ware maki na musamman domin kyan harshe da dacewar suna da waƙa.

Ga malaman lekol, musamman na makarantun harshe biyu da aka fara gwadawa a Damagaram tun 1973: ga darasi kyauta. A ce ma kowane ɗalibi ya kawo sunan waƙa biyar daga wayar gidansu, ya nemo wanne ne karin magana, ya je wurin kakarshi ya cika. Yaron zai koyi Hausa, kakar kuma za ta ga ana bukatarta.

Mu uwaye kuma mu rage saurin yi ma yara dariya. Ranar nan ban yi ma ɗan ƙanwata faɗa ba, don na tuna ni ne ban taɓa kai shi ƙauye ba. Da kaka ta yi na ɗauke shi muka tafi garinmu, na bi da shi ta wurin da kakanninmu suka fara zama kafin rijiyarsu ta ƙafe. Ya tsaya gindin kukar, ya duba gabas da yamma, ya duƙa ya ɗauki tsingaro guda yana juyawa. Can ya ce: "Kawu, nan ko kare babu, balle mai ba da sadaka." Na ce mashi: "To, ka karanta sunan waƙar ke nan." Muna komowa cikin mota shi ma ya jefo mani wata magana ta ƴan fada, ya ce in cika, na kasa, suka yi ta dariya shi da direba. Na ce ya koya mani, ya koya mani.

Ni ma bari in bar ku da rabi. Ku faɗa ma ɗiyanku yau da dare, ku ji ko za su cika: da tsohuwar zuma...